Rabin Awo da Kuɗinsa: Magana ga Mai Bi da Yake Ciniki

 Ina so mu zauna kaɗan mu yi shawara a kan wani abu wanda mutane ba su cika ɗaukarsa a bakin kome ba, watau kuɗin da ake sa wa ƙaramin awo. Kada ka ce wannan zancen kasuwa ne, babu ruwan addini da shi. Sa'a biyu ko uku kake yi a ɗakin sujada ran Lahadi, sauran kwana shida kuwa kana tsakanin tiya da mudu da gwangwani, ko kana saye ko kana sayarwa. Idan bangaskiyarka ba ta bi ka har gindin buhu ba, ina ta tsaya ke nan?

Tambayar wata mace

A cikin ajin masu shirin baftisma da nake koyarwa a nan ƙasar Daura akwai wata mace wadda ta tashi cikin Maguzawa a kudancin Katsina. Tun tana yarinya uwarta ta koya mata dafa burkutu, sana'arta ke nan har ran da ta ji Bishara ta tuba. Yanzu man gyaɗa take sayarwa, da gishiri da daddawa. Wata rana muna karatu a kan dokar da ta hana sata, sai ta ce, "Malam, ina da tambaya. Sa'ad da nake sayar da giya, ƙoƙo biyu gare ni, babba da ƙarami. Ƙaramin rabin babban ne daidai, amma kuɗinsa ya kusa kashi biyu cikin uku na babban. Da gangan muke yin haka, domin mutum ya zo da nufin shan ƙarami, ya duba ya ga abin da ya rage kaɗan ne, ya ce a cika masa babban. Giya kam na bar ta. Amma yau na lura haka nake yi da mai: rabin kwalba ya fi rabin kuɗin kwalba nesa. Ban ɓoye wa kowa ba, na faɗi kuɗi, mai saye ya yarda. To, wannan zunubi ne?"

Ban amsa mata a ranar ba, gama tambayar ta fi yadda na zata nauyi. Ni kaina na yi tallan ƙuli-ƙuli da mai ina yaro, na kuwa san yadda ake karkata ludayi. Abin da na samu bayan tunani da addu'a shi ne nake so in shimfiɗa maka a nan.

Ba a ƙasarmu kaɗai ba

Ka sani fa wannan dabara ba ta ƙauye ba ce kaɗai. A Ingila ana sayar da giya a mashaya da wani awo da ake kira faint, wanda ya ɗara rabin lita kaɗan, watau mililita 568. Mutanen ƙasar sun daɗe suna tsare awo. Tun a shekarar 1215, cikin takardar alkawari da ake kira Magna Karta, aka rubuta cewa awon giya da na hatsi su zama iri ɗaya a dukan ƙasar. A shekarar 2010 kuma aka wajabta wa masu mashaya su tanadi ƙaramin awo, rabin faint, domin wanda ba ya so ya sha da yawa. Amma dokar ta tsare awo ne, ba ta tsare kuɗi ba. Saboda haka a waɗansu mashayai rabin awo yakan fi rabin kuɗi, masu sha suna gunaguni, masu sayarwa kuwa suna cewa wanke ƙaramin kofi da wanke babba aiki ɗaya ne, ladan yaron da ke zubawa kuma ɗaya ne. A Sikotland, maƙwabciyar Ingila, hukuma ta gane cewa rangwame yakan ja mutum ya sayi fiye da abin da ya nufa, har a shekarar 2011 ta hana kantuna su rage kuɗin giya ga wanda ya sayi kwalabe da yawa a lokaci guda.

A Jihar Katsina an hana cinikin giya tun da aka kafa shari'ar Musulunci a shekarar 2000, ikilisiyarmu kuma tun da fari tana koya wa mai bi ya rabu da ita, da shanta da dafa ta da sayar da ita. Ba na kawo labarin Ingila domin mu gyara wa masu giya kuɗin ƙoƙonsu ba. Na kawo shi domin ka ga mutum yana iya barin giya sarai, ya ɗauki halin mai giya ya tafi da shi wajen hatsi da mai da sukari.

Mu yi lissafi

Mu ce a kasuwar Daura ko ta Mai'aduwa kana sayar da tiyar gero naira 2,000. Rabin tiya ka sa mata 1,200, rubu'i kuwa 700. Ga ma'aikaci mai albashi ya zo ya auni tiya bakwai, abincin gidansa na kwanaki, ya biya 14,000 ya tafi, ka kuma bi shi da gyara. Ga gwauruwa wadda take wankau da surfe, ba ta taɓa riƙe 2,000 a dunƙule ba. Kullum da yamma takan zo da abin da ta samu a ranar ta auni rubu'i. Cikin kwana 28 ita ma ta auni tiya bakwai, amma 19,600 ta biya. Ta fi mai albashi da 5,600, kuɗin da ya kusa sayen tiya uku. Geron nan ɗaya ne, daga buhu ɗaya ya fito, hannu ɗaya ya auna. Me ta saya da wannan ƙarin? Ba kome. Kuɗin talaucinta ta biya.

Ba ta sani ba, gama ba ta taɓa tarawa ba. Kai ma wataƙila ba ka taɓa tarawa ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Abin da mai sayarwa zai ce

Kada mu yanke wa mai sayarwa shari'a ba mu ji bakinsa ba. Zai ce, "Malam, kai ba ka zauna gindin buhu ba. In na auna tiya, sau ɗaya nake cika ta har ta yi tudu a sama. In na auna rubu'i huɗu, sau huɗu nake yin tudun, kowane mai saye kuma yana miƙo hannu a yi masa gyara. Leda huɗu nake bayarwa maimakon ɗaya. Mai yakan maƙale a ludayi, gari yakan zube. Ga wahalar canji, tun da yake ƙananan takardun kuɗi sun yi wuyar samu. Mai tiya bakwai kuwa ya mayar mini da jarina nan take, in koma sari. Ni ma ina da 'ya'ya."

Wannan magana gaskiya ce, kada kowa ya raina ta. Rarraba kaya aiki ne, aiki kuwa yana da hakki. Mai tebur da ke ƙulla gishiri da sukari ƙulli ƙulli yana yi wa matalauta hidima, gama in ba don shi ba, mai naira 100 ba zai sa gishiri a miya ba. Littafi Mai Tsarki bai haramta riba ba, bai kuma haramta a sauƙaƙa wa mai sayen da yawa ba. Duba abin da yake cikin Bishara. A Matta sura 10 Ubangijinmu ya ambaci kuɗin 'yan tsuntsaye a kasuwar zamaninsa, guda biyu a kan ƙaramin kuɗi ɗaya. A Luka sura 12 kuwa ya ambaci guda biyar a kan kuɗi biyu. Ka ga wanda ya sayi na kuɗi biyu ya sami na biyar ɗin kyauta, gyara ke nan irin tamu. A nan Yesu bai tsauta wa masu sayar da 'yan tsuntsayen nan ba. Abin da ya koya a wurin shi ne, har ɗan tsuntsun nan da aka jefa a gyara, wanda ba a lissafta shi a bakin kome ba, Allah yana sane da shi.

To, ashe tambayar ba ita ce ko ya halatta a ƙara wani abu ba. Tambayar ita ce, nawa ka ƙara, don me kuma ka ƙara? In leda da zubewa da tudun awo sun ci maka naira 50 a rubu'i, ka sa 550, ka ɗauki hakkinka. In ka sa 700, sauran 150 ɗin ba na leda ba ne. Ka karɓe shi ne domin ka san ba ta da ikon sayen babban awo, ba ta kuwa da ikon kwana da yunwa.

Su wane ne masu sayen kaɗan?

Ka lura da masu zuwa gabanka, za ka ga iri biyu ne suke sayen ƙaramin awo.

Na fari shi ne wanda hannunsa bai kai ba: ɗan dako, da mai ga-ruwa, da gwauruwa, da almajiri, da manomin da rumbunsa ya ƙare tun kafin damina ta yi nisa. Kowane ɗan Daura ya san labarin rijiyar Kusugu, wadda take cikin gari har yau. An ce maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Jumma'a, har baƙo Bayajida ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya roƙi ruwa bai samu ba. Ka yi tunani, wa wannan hani ya fi ƙuntata wa? Mai randuna da yawa da barori yana iya tara ruwan mako guda a rana ɗaya. Tsohuwa mai tulu ɗaya ita ce ruwanta yake ƙarewa. Haka kasuwa take. Mai kuɗi yakan sayi buhu da kaka lokacin araha ya ajiye. Matalauci yakan saya da gwangwani a tsakiyar damina lokacin tsada. Wahalarsa ta riga ta ninku tun bai iso gabanka ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023 kaya suka hau, gidaje da yawa da suke awo da tiya sun koma awo da gwangwani. Kai mai bi, za ka ƙara masa kaya a bisa kaya?

Na biyu shi ne wanda yake da iko amma yana so ya kame kansa. Shi ne mutumin da ya zo wurin matar nan da nufin shan ƙaramin ƙoƙo. Ya fito gida da niyya mai kyau gwargwadon haskensa, kuɗin ƙoƙo ya karya masa ita. Ya sha babba domin kada a cuce shi, ya koma gida a buge, matarsa ta sha duka, kuɗin cefane ya tafi. Annabi Habakuk ya yi kashedi mai tsanani ga wanda yake ɗura wa maƙwabcinsa abin sha domin ya bugu, Manzo Bulus kuma ya gargaɗi Romawa kada kowa ya zama sanadin tuntuɓen ɗan'uwansa. Ba sai ka riƙe wa mutum baki ka ɗura masa ba. Kuɗin da ka sa yana iya yin wannan aiki a madadinka. Haka yake ga mai shayi da mai tsire da mai lemon kwalba, in sun tsara kuɗinsu domin a ga sayen kaɗan wauta ne. Kamewa tana cikin 'ya'yan Ruhu da Bulus ya lissafta wa Galatiyawa. Kada cinikinka ya zama tara a kan kamewa.

Abin da Maganar Allah ta koya

Shari'ar Musa, a Kubawar Shari'a sura 25, ta hana mutum ya ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa. Littafin Misalai ya maimaita wannan fiye da sau ɗaya, ya kira shi abin ƙyama ga Allah. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da sura guda a Alƙur'ani a kan masu tauye mudu, saboda haka in suka kama mai bi da buga gindin tiya, sun san ya saɓa wa Littafinsa, sunan Kristi kuwa shi ne zai sha zagi.

Za ka ce, "Ni tiyata daidai take, ban buga gindinta ba." Madalla. Amma ka karanta Amos sura 8. Amos makiyayi ne daga Tekowa, ya yi annabci a Isra'ila wajen shekara 750 kafin haihuwar Ubangijinmu, a zamanin wadata. Laifi biyu ya haɗa a kan masu sayar da hatsi, rage awo da ƙara kuɗi, ya kuma faɗi wanda abin yake faɗa wa, watau matalauci. A wurin mai saye duka ɗaya ne. Ko ka rage mata gero ka bar kuɗi, ko ka bar gero ka ƙara kuɗi, tuwon 'ya'yanta ne ya ragu. Mai kuɗi iri biyu, na mawadaci da na matalauci, ɗan'uwan mai mudu biyu ne.

Ka duba kuma yadda Allah da kansa yake yi da masu ƙaramin awo. A jeji ya ciyar da Isra'ila da manna rana rana, awo ɗaya ga kowane mutum, wanda ya tara domin gobe kuwa ta ruɓe masa. Shari'a ta umarta a biya ɗan ƙodago ladansa a ranar, kafin rana ta fāɗi, gama da shi zai yi awon dare. Ta yarda wanda ba shi da ikon kawo ɗan rago hadaya ya kawo kurciyoyi biyu, aka kuwa karɓa masa daidai da na mai rago. Irin wannan hadaya ta matalauta ce Maryamu ta kai Haikali bayan haihuwar Yesu. Gidan da Mai Cetonmu ya tashi gidan ƙaramin awo ne. Addu'ar da ya koya mana ma abincin yini guda muke roƙo a cikinta, ba na shekara ba. Dukanmu masu awon rana ne a ƙofar Allah, bai taɓa ƙara mana kuɗi ba.

"Ai ya yarda"

Saura magana ɗaya, ita ce matar nan ta dogara a kai: na faɗi kuɗi, ya yarda. Ɗan'uwana, yarda iri biyu ce. Akwai yardar wanda yake da ikon ya juya ya tafi, akwai ta wanda yara suke kuka a gida, tukunya tana kan murhu. Isuwa ma ya yarda ya sayar wa Yakubu da gādonsa na ɗan fari a kan kwanon miya, amma yunwa ce ta yi cinikin. Alƙali ba zai kama ka ba, sarkin kasuwa ba zai kira ka ba. Mai bi kuwa ba ya tsayawa a kan abin da alƙali zai bari, sai ya tambayi kansa ko zai so a yi wa uwarsa haka.

To, me za ka yi?

Ga shawarata, ka gwada ta tun daga kasuwa mai zuwa.

Na ɗaya, ka tabbata ƙaramin awonka na gaskiya ne. Ka zuba rabi biyu cikin tiya a gidanka ka gani ko ta cika.

Na biyu, ka fara da raba kuɗi daidai, rabin awo rabin kuɗi, rubu'i kashi ɗaya cikin huɗu. Daga nan ka ɗora abin da rarrabawa ta ci maka a gaskiya, ba ƙari.

Na uku, kada ka ɗora abin da za ka ji kunyar faɗinsa. In kana iya ce wa mai saye, "Hamsin ɗin nan ta leda ce da zubewa," ka karɓa da zuciya ɗaya. In ba ka iya faɗin dalilinsa a fili, ka bar shi.

Na huɗu, in rashin canji ya sa ka riƙe wani abu, ka cika shi da kaya nan take. Gyararka kuma ka fi ba mai gwangwani, gama mai buhu ba ya bukatarta.

Na biyar, in ka ga ka daɗe kana cin wannan ƙari, ka tuna da Zakka na Yariko, wanda ceto ya shiga gidansa ya ɗauki alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta. Ba za ka iya gano kowa ba, amma ka san waɗanda suke zuwa kullum. Ka mayar musu a cikin awo, a hankali, ba da busa ƙaho ba.

Ba zan ruɗe ka ba, ribarka za ta ragu, wataƙila 'yan layinku su yi maka gori ko su ji haushinka. Ba ni da ikon yi maka alkawari cewa masu saye za su ƙaru har su cike giɓin. Wani lokaci haka yakan faru, wani lokaci ba ya faruwa. Ba domin riba muke yin gaskiya ba, domin an saye mu ne da tamani mai tsada, an kuwa ba mu ceto kyauta.

Matar nan da na ba ka labarinta ta koma ta auna kwalbarta da ruwa, ta raba kuɗin, ta ɗora na leda kaɗai. Ta ce mini abin da take samu a mako ya ragu, har ta jinkirta sayen zanen da ta yi niyya. Da na tambaye ta ko ta yi da-na-sani, sai ta ce, "Malam, dā in yarinya ta miƙo mini kuɗin rabin kwalba, kwalbar nake kallo. Yanzu ina iya duban fuskarta."

Ka karanta Amos sura 8 da Luka sura 19 a gidanka yau da dare, kai da iyalinka, ka ɗauko tiyarka da gwangwaninka ka ajiye a gabanka, ka roƙi Allah ya nuna maka abin da yake bukatar gyara. In wani abu ya shige maka duhu, ka zo wurin malamin ikilisiyarku ko dattawa ku yi lissafin tare. Ubangiji ya ba ka hannu mai gaskiya da zuciya mai tausayi, saboda Yesu Kristi. Amin.